Kukan Kurciya Jawabi Ne: Yadda Dabbobi Ke Isar wa Juna Saƙo

A dajin Amboseli da ke kudancin Kenya akwai wasu birai masu baƙar fuska da ake kira vervet. Manyan maƙiyansu uku ne: damisa, gaggafa da mesa. Tun a 1967 wani masanin dabbobi, Thomas Struhsaker, ya rubuta cewa ihun da biran ke yi in sun hango damisa daban yake da wanda suke yi wa gaggafa, na maciji ma da irin nasa. Aka samu masu musu. Suka ce ai firgita ce kawai, wata ta fi wata ƙarfi, sauran biran kuwa suna gudu ne don su ma sun ga abin da idonsu.

Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler ne suka raba gardamar a binciken da suka wallafa a 1980. Sun naɗi ihun a na'ura, suka ɓoye lasifika cikin ciyawa, suka jira lokacin da babu damisa babu alamarta, birai na ta cin abincinsu hankali kwance, sannan suka kunna. Da aka saki ihun damisa, mai kama da haushi, sai biran suka ruga suka ɗare bishiya. Da aka saki na gaggafa, wani gajeren sauti kamar tari, sai suka ɗaga kai sama, wasu suka kutsa cikin duhuwar ƙaya. Da aka saki na maciji kuwa, miƙewa suka yi a kan ƙafafun baya suna leƙen ƙasa. Dalilin bambancin a fili yake: dabarar da ke tsirar da kai daga wannan maƙiyi ita ce ke miƙa ka ga wancan. Birin da ya hau ƙololuwar bishiya don gudun gaggafa kansa ya kai mata. Ihu ɗaya mai cewa a gudu ba zai wadatar ba, dole ya faɗi abin da za a guje wa.

'Ya'yan biran ma sai da koyo. Ƙaramin biri kan yi ihun gaggafa don kurciya ta gifta, ko don ganye ya faɗo daga sama. Manya su ɗaga kai su duba, in ba su ga komai ba su ci gaba da sha'aninsu. A hankali yaro ke gane wane tsuntsu ne ya isa a yi masa ihu.

Yawanci a nan ake tsayawa, a riƙe baki a ce ashe dabbobi ma suna magana. A wurina tambayar da ta fi nauyi tana gaba. Birin da ya fara hango damisa, me ya hana shi sulalewa shiru ya tsira da ransa, alhali ihu tona kai ne? Mai sauraro kuma, me ya sa ya yarda? Ya bar abinci ya hau bishiya, in ihun na ƙarya ne ya yi hasara. Duk wani kuka, ƙamshi, launi ko rawa da dabba ke yi don wata ta gani ko ta ji, ba ya ɗorewa sai abu biyu sun haɗu: mai aikawa yana samun wani abu, mai karɓa kuma a mafi yawan lokaci yana cin riba in ya saurara. A wajen waɗannan birai amsar ba ta da nisa. Matansu a garken da aka haife su suke zama har mutuwa, don haka masu jin ihun 'ya'ya ne da 'yan'uwa. An ma gwada an ga uwa ta fi saurin yin ihu in ɗanta na kusa.

Kada kuma a haɗa saƙo da tonon asiri. Ɓera ya motsa cikin busasshen ganye mujiya ta ji, wannan ba aike ya yi mata ba, tsautsayi ne. Haka sauron da ke bin iskar da muke fitarwa. Saƙo shi ne abin da tun asali aka yi shi domin wani ya karɓa.

Hanyar da saƙon zai bi kuwa, wurin zaman dabba ne ke zaɓa mata. Wari ne hanyar da ta fi yaɗuwa, ita ce kuma muka fi rauni a kanta. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Adolf Butenandt, ya kwashe shekara kusan 20 yana neman abin da macen ƙwaron siliki ke fitarwa har maza su biyo ta daga nesa. Sai da ya tara mata wajen 500,000 kafin ya tace ɗan abin da ya isa a gane sinadarin, a 1959. Kare da kura da karkanda duk suna barin wari a kan iyaka, kuma amfaninsa shi ne yana ci gaba da magana bayan mai shi ya yi gaba. Tururuwa kuwa ta mai da gushewar wari abin amfani. Wadda ta samo abinci takan shafa wari a ƙasa a hanyarta ta komawa gida. Duk wadda ta bi ta samu, ita ma ta ƙara nata, layi ya yi kauri. Da abincin ya ƙare, masu dawowa hannu rabbana ba sa shafa komai, wari ya bushe, hanya ta mutu da kanta ba tare da wani ya ba da umarni ba. Edward Wilson, wani Ba'amurke da ya ƙarar da rayuwarsa a kan tururuwa, ya gano cewa da wari suke gane gawa. Da ya shafa wa mai rai wannan sinadarin, 'yan'uwanta suka cicciɓe ta tana wutsil-wutsil suka kai ta juji. Sai da ta goge jikinta sarai kafin aka bar ta ta zauna a gida.

Launi da haske suna da sauri, amma sai ido ya ga ido. A kogunan Afirka masu laka, inda gani ba ya aiki, akwai kifayen da ke fitar da ɗan ƙaramin lantarki, da shi suke gane hanya, da shi suke gane jinsinsu da mace da namiji. Gizo-gizo kuma namiji yakan kaɗa zaren saƙar mace da wani salo na musamman don kada ta ɗauke shi abinci.

Sauti ne ya fi dacewa da duhu da sarƙaƙiya, yana zagaye bishiya da dutse, kuma da an yi shiru ya ɓace bai bar sawu ba. Siririyar murya ba ta nisa, kakkaura ce ke ratsa daji. Giwa ta kai wannan maƙura. A 1984 Katy Payne, wadda ta daɗe tana nazarin waƙar manyan dabbobin teku da ake kira wel, tana tsaye kusa da giwaye a gidan zoo na birnin Portland a Amurka, sai ta ji iska na wani irin bugawa a jikinta ba tare da kunnenta ya ji komai ba. Ta dawo da na'ura, ta naɗa, ta ƙara wa sautin gudu, sai ga gurnani cike da faifan. Kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin da kaɗawarsa ta gaza sau 20 a sakan, giwa kuwa tana sauka ƙasa da haka. Irin wannan gurnani yana tafiyar kilomitoci, ya fi nisa da yamma in iska ta lafa, wani sashensa ma ta cikin ƙasa yake bi, giwaye su ji shi a tafin ƙafa. Wannan ya warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa masu lura da giwa kai. Macen giwa kwanaki kaɗan take karɓar namiji, sannan sai bayan shekara huɗu ko fiye, amma a 'yan kwanakin nan sai ga toraye sun ɓullo ta ko'ina. Ashe kira take yi, mu ne ba ma ji.

To, mu koma kan maganar yarda. Inda buƙatar mai faɗa da ta mai ji ta zama ɗaya, gaskiya ba ta da tsada, kuma a nan ne saƙo ke kaiwa ga ƙwarewa mai ban mamaki. Ƙudan zuma ne misalin da ba shi da na biyu. Ma'aikatan amya duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, rumbunsu ɗaya, babu wadda za ta ƙaru da ɓatar da 'yar'uwarta.

Wadda ta samo furanni masu yawa takan dawo ta hau jikin saƙa, wadda ke rataye a tsaye cikin duhun amya. Sai ta miƙe a layi ɗaya tana karkaɗa gindi tana kaɗa fiffike, ta zagayo ta dama ta sake bin layin, ta zagayo ta hagu ta sake. Sauran na manne da ita suna taɓa ta da gashin kansu. Karl von Frisch, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya kwance ma'anar wannan rawa. A jikin saƙa, sama tana matsayin rana. In mai rawa ta miƙe sama sak, a tashi a fuskanci rana. In ta yi ƙasa, a ba rana baya. In layinta ya karkata digiri 40 zuwa dama, abincin yana digiri 40 dama da rana. Tsawon lokacin karkaɗawar kuma shi ne nisa: sakan guda yana kusan kilomita guda, ko da yake ya danganta da irin zuman da yanayin ƙasar. In rawar ta ɗauki lokaci rana ta gusa, mai rawa takan gyara layinta ya dace. Ƙwaro ne fa wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta kai kan ashana ba.

An ba von Frisch kyautar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Niko Tinbergen, amma hakan bai kashe musu ba. Wasu masana, musamman Adrian Wenner, sun dage cewa ƙamshin furen da ke jikin mai rawa ake bi, rawar ba ta isar da komai. Musun ya yi amfani, don ya tilasta a tsaurara gwaji. A 2005 aka liƙa wa ƙudan da suka kalli rawa wata 'yar na'ura, aka bi tashinsu da na'urar rada mai gano abin da ke tafiya a sama. Suka nufi inda rawar ta nuna. Waɗanda aka ɗauka aka sake su daga wani wuri daban ma suka bi kusurwa da nisan da aka faɗa musu, suka je inda babu komai. Wani binciken na 2023 ya ƙara nuna cewa ƙudan da suka tashi ba su taɓa kallon rawar manya ba suna tafka kuskure. Na kusurwa yana gyaruwa da gogewa, na nisa kuwa yana bin su har mutuwa.

Wannan ke nan tsakanin 'yan gida ɗaya. Amma mafi yawan saƙonnin daji tsakanin masu hamayya ake yin su, kowa na da dalilin yin ƙarya. Namiji na so mace ta ɗauka ya fi kowa. Abokin faɗa na so a ɗauka ƙarfinsa ya wuce yadda yake. Me ke riƙe gaskiya a nan?

Wani lokaci jiki ne ke hana ƙarya. Ƙaramin kwaɗo ba shi da maƙogwaron da zai fitar da kakkaurar murya, don haka in mai neman ƙwace mace ya ji kuka mai kauri sai ya ja da baya, ya san ƙato ne. Wani lokacin kuma wahala ce. A tsibirin Rum na ƙasar Sukotland, Tim Clutton-Brock da Steve Albon sun bi wata irin barewa mai ƙaho mai rassa a lokacin barbara. Namiji mai riƙe da garken mata yana gunji dare da rana, da ƙyar yake cin abinci. In wani ya zo ƙalubale, ba sa fara faɗa. Sukan tsaya nesa da juna su yi ta musayar gunji, kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, wanda ya kasa jurewa ya juya. In gunji bai raba su ba sai su jera suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa na auna ɗan'uwansa. Sai in wannan ma bai raba ba ake haɗa ƙaho. Gunji mai yawa yana cin ƙarfin da faɗa ke buƙata, rarrauna ba zai iya ara ba. Duka biyun sun amfana: mai rauni ya tsira da idonsa da ƙafarsa, mai ƙarfi ya huta da raunin da ko mai nasara kan kwasa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne saƙon da ake aika wa maƙiyi kansa. Barewar dajin Serengeti na Tanzaniya in ta hango kyarkeci, maimakon ta zura da gudu, takan yi wani tsalle sama da ƙafafu huɗu a sandare, ta dira ta sake. A ido wauta ce, ɓata lokaci ne a bakin mutuwa. Amotz Zahavi, masani daga Isra'ila wanda tun 1975 yake cewa tsadar saƙo ita ce shaidar gaskiyarsa, ya fassara tsallen da cewa barewar na nuna wa mafarauci lafiyarta ne, don ya san bin ta wahalar banza ce. Clare FitzGibbon da John Fanshawe sun duba a 1988, suka ga kyarketai sun fi ware barewar da tsallenta ya yi ƙaranci su bi ta. Mafarauci da abin farauta, babu ƙauna ko ta anini a tsakaninsu, amma buƙata ɗaya ta haɗa su: kowa ba ya son tseren da ba zai haifar da komai ba.

Akwai kuma tsadar da 'yan satar ji ke jawowa. A dazukan Panama akwai ɗan kwaɗon da ake kira tungara. Kukansa kashi biyu ne: wani siririn sauti mai saukowa, sannan in ya so ya ƙara masa wani ƙwas-ƙwas a ƙarshe. Mata sun fi son mai ƙarin. Michael Ryan da Merlin Tuttle suka gano cewa akwai jemage mai cin kwaɗi, shi ma mai ƙarin ya fi so, don ya fi sauƙin ganowa a duhu. Shi ya sa kwaɗon da ke shi kaɗai a kududdufi yakan tsaya a siririn kukan, sai in maza sun yi yawa gasa ta yi zafi yake sayar da rai ya ƙara.

Duk da haka maƙaryata suna nan, kuma sun iya. A hamadar Kalahari akwai wani baƙin tsuntsu mai wutsiya a rabe biyu, durongo. Yakan zauna a reshe kusa da wasu ƙananan dabbobi dangin tunku masu tonon ƙasa, in shaho ya taso ya yi kururuwa, kowa ya faɗa rami. Gadi ne na gaskiya, kuma suna amfana da shi. Amma in ya ga ɗayansu ya tono kunama mai ƙiba ko ƙatuwar tsutsa, sai ya saki kururuwar ba shaho ba dalilinsa. Mai abinci ya yar ya gudu, durongo ya sauko ya ɗauke. Tom Flower, wanda ya bi su shekaru, ya lissafa cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abincin tsuntsun ta haka yake samu. In aka fara gane shi aka daina gudu, sai ya sauya murya, ya kwaikwayi kururuwar wani tsuntsu, ko ma ta su masu tonon da kansu. Me ya sa ba su yi watsi da shi gaba ɗaya ba? Domin lissafin bai ba su ba. In ka gudu a kan ƙarya, kunama ɗaya ka rasa. In ka ƙi gudu alhali gaskiya ce, kai ne abincin. Ƙaryar dabba kamar jabun kuɗi take, ba ta karɓuwa sai don na gaske sun fi yawa a hannun jama'a.

A Arewacin Amurka, macen wani ƙwaro mai walƙiya da dare tana kwaikwayon ƙyaftawar matan wani jinsin. Namiji ya sauko da zumuɗin aure, ta cinye shi, har ta gaji gubar jikinsa ta kare kanta da ita. Tsuntsun kuku na Turai kuma ƙwansa yake sakawa a sheƙar wasu, ɗansa ya ture 'ya'yan gida waje, sannan ya riƙa wani kuka mai sauri da ke kama da na sheƙa guda cike da 'ya'ya masu yunwa, masu riƙonsa su yi ta jigilar abinci. Waɗanda ake cuta ma ba zama suke yi ba. A Ostireliya, a 2012, aka gano wata 'yar tsuntsuwa da ke rera wa ƙwayayenta wani sauti tun ba a ƙyanƙyashe su ba. In sun fito sai sun saka wannan sautin cikin kukan roƙonsu, iyaye kuma sun fi ciyar da wanda ya iya shi. Ɗan kuku da aka cusa musu bai samu kwanakin koyo kamar 'yan gida ba, ta nan asirinsa ke tonuwa. Su ma biran Amboseli suna riƙe da tarihin kowa. Da Cheney da Seyfarth suka yi ta kunna kukan biri guda mai sanar da zuwan baƙon garke alhali babu kowa, sauran suka daina kula shi a kan wannan batu, amma in muryar wani ce sai su waiga.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane suka fi son ji: shin dabba ta san abin da take faɗa? Akwai shaidu masu ƙarfi cewa ba kullum kukan ke kuɓuce mata ba. Zakara in ya hango shaho yana shi kaɗai yakan yi shiru ya laɓe, in akwai kaza a kusa sai ya yi gargaɗi. A dajin Budongo na Yuganda, Catherine Crockford da abokan aikinta sun ajiye macijin ƙarya a hanyar manyan biran nan chimpanzee, suka ga wanda ya gan shi ya fi yin gargaɗi in masu tahowa ba su riga sun sani ba. A dajin dai aka ƙirga alamun hannu da na jiki 66 da suke yi da gangan, suna jiran amsa, in ba a gane ba su maimaita. Dabbar ruwan nan dolfin kowace tana ƙirƙirar fito nata tun tana ƙarama, abokanta kuma su kwaikwayi fiton in suna nemanta. An samu wadda ta gane fiton tsohuwar abokiyar zamanta bayan rabuwar shekara 20. A 2024 wani bincike a Kenya ya nuna giwa ta fi saurin amsa gurnanin da tun asali ita aka yi wa shi.

Waɗannan abubuwa manya ne, kuma ba sa buƙatar a yi musu ƙari. Mai son dabbobi ya fi kowa saurin zamewa a nan. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Berlin mai suna Hans, wanda ake yi wa tambayar lissafi ya buga amsa da kofato. Mai shi, Wilhelm von Osten, ya yarda da dokinsa har zuci. A 1907 Oskar Pfungst ya nuna cewa in mai tambaya bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, lissafi ya rushe. Hans yana karanta ɗan motsin kai da sakin jikin da mutum ke yi ba da saninsa ba in bugun ya kai adadi. Dokin gwani ne na gaske, amma a fannin da ba a tambaye shi ba. Abin da nake gani ke nan game da dabbobi gaba ɗaya: in muka dage sai sun yi irin maganarmu, mai jera kalmomi ta ba da labarin jiya da na baɗi, za mu ƙaga musu abin da ba su da shi, mu kuma kasa ganin abin da suka fi mu.

Inda mutum ya saurara da kyau, har ciniki ya ƙulla da tsuntsun daji. A arewacin Mozambik, masu neman zuma 'yan ƙabilar Yao suna da wani kira da suka gada, karkaɗa harshe da gajeren nishi a ƙarshe. Akwai tsuntsun da ke amsa wannan kira, ya riƙa tashi daga bishiya zuwa bishiya yana surutu har ya kai su inda zuma take. Su fasa su kwashi zuma, shi ya ci kakin da ba zai iya kaiwa gare shi shi kaɗai ba. Claire Spottiswoode ta auna a 2016: da kiran gado, damar samun zuma ta tashi daga kashi 17 cikin 100 zuwa kashi 54, in an kwatanta da wasu sautukan daban. Ba wanda ya kama tsuntsun nan ya horar da shi.

Abin da ke damuna shi ne duk waɗannan hanyoyi an gina su ne a duniyar da ba ta da inji. A birnin Leiden na ƙasar Holand an gano a 2003 cewa tsuntsayen da ke unguwanni masu hayaniya suna siranta waƙarsu don ta tsallake rugugin motoci. A 2020, da annobar korona ta kwashe motoci daga titunan birnin San Francisco na Amurka, wasu 'yan tsuntsaye a can suka sassauta murya, amma waƙarsu ta riƙa kaiwa ninki biyu na nisan da. A teku abin ya fi muni, domin can haske ba ya nisa, rayuwa duk a kan ji take, kuma rurin manyan jiragen ruwa ya faɗo daidai kaurin muryar da wel ke kiran juna da ita. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 zirga-zirgar jirage ta ragu na 'yan kwanaki a mashigin Fundy na Kanada. Masu bincike da ke tattara kashin wel a wurin suka ga sinadarin da ke nuna damuwa ya sauka a jikinsu a daidai wannan lokaci.

Wani saƙon ma ba hayaniya ke kashe shi ba, rashin malami ne. A kudu maso gabashin Ostireliya akwai wani tsuntsu mai shan ruwan fure, baƙi mai ratsin rawaya, wanda sare dazuka ya rage shi zuwa 'yan ɗaruruwa. Samarinsa daga bakin manyan maza suke koyon waƙar neman aure, yanzu kuwa sukan girma ba su haɗu da babba ko ɗaya ba. Binciken da Ross Crates ya jagoranta a 2021 ya samu kashi 12 cikin 100 na mazan suna rera waƙar wasu jinsunan tsuntsaye ɗungurungum, kuma masu baƙuwar waƙa sun fi shan wuyar samun mata. Masu kiwon su don a mayar da su daji yanzu suna kunna wa ƙananan waƙar da aka naɗo, suna kuma ajiye su kusa da manyan mazan da aka kamo daga daji, ko sa ɗauki waƙar kafin a sake su.